Ranar da Aka Haɗa Ni da Surukina a Wasan Ƙwallon Gashi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ya rage a kaina, da ranar da gwiwoyina suka kunyata ni a gaban mutanen Dakoro. Jikokina sun sha jin labarin har sun gaji, amma kullum sai na rage wani wuri na ƙara wani don in fita da ɗan guntun mutuncina. Yau dai na ce bari in faɗe shi yadda ya faru, tunda waɗanda suka yi mini dariya a ranar kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma ba su da ƙarfin sake yin ta.

Zamanin Faransa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ina saurayi aka turo ni daga Maradi in koyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Dakoro, aikina na farko kenan. Garin a lokacin bai wuce biro, wato ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, da kasuwa da rijiyoyi masu zurfin tsiya ba, sai rairayi ko'ina. Lakwal ɗin kanta ɗakuna biyu ne na ƙasa da rumfar zana. Yaran kuwa kwaso su aka yi daga ƙauyuka, Birnin Lalle da Korahane da Bader Goula, 'ya'yan manoma da na makiyaya, mafi yawansu iyayensu ba da son rai suka bayar da su ba. Ni ko ina ji da kaina ba kaɗan ba. Farar riga, gajeren wandon kaki da muke ce wa kilot, doguwar safa har gwiwa a tsakiyar bazara, ga tsaga a gashi da nake fitarwa da reza. In yaro ya ce mini "Mushe", wato malam a bakin Faransa, sai in ji kamar ni na haƙa rijiyoyin garin da hannuna.

Wata safiya matar kumandan, wadda duk gari ke kira Madam, ta aiko wa lakwal da wani akwati. Diraktanmu, wani dattijo Badamagare mai sanyin hali, ya buɗe shi a gabanmu. Raga ce doguwa a naɗe, da raket guda huɗu (wato abin bugu mai kama da rariya an yi mata mariƙi), da wasu 'yan ƙwallaye marasa nauyi da aka dasa wa fararen gashin tsuntsu. A saƙonta Madam ta ce sunan wasan badminton, tana so yara su koya, su riƙa yi bibbiyu a kowane gefe, kuma su da kansu za su yi alƙalanci. A ranar raba kyaututtuka ta ƙarshen shekara za a yi gasa a gaban kumandan. Da yake ni kaɗai ne na taɓa riƙe raket, can a makarantar horon malamai inda wani Bafaranshe ya ɗan nuna mana, sai aikin ya faɗo kaina. Na karɓa ina hura hanci.

Sunan badminton bai kwana a bakin yara ba, ƙwallon gashi suka sa masa, haka kuma ya bi gari. Mun sha fama kafin mu samu fili, domin iskar Dakoro ba ta san wasa ba, ka buga gabas ƙwallo ta nufi garin Tawa can yamma. A ƙarshe muka samu lungu a bayan katangar lakwal inda iska ke lafawa bayan la'asar. Muka share ƙarangiya, muka ja layuka da tokar da yara ke roƙowa gidaje, muka kafa itace biyu muka ɗaure raga. Fararen gashin ba su jima ba suka kakkarye, sai yaran suka koma dasa gashin zabo da ƙaro, kuma wallahi nasu ya fi na Turai jimiri. Har yau in na tuna waɗannan yammacin, rana ta yi ja, yara na tsalle da ƙafa ba takalmi, shanu na dawowa daga kiwo suna tsayawa kallonmu, sai kewa ta kama ni. Ban ƙara jin daɗin aiki kamar na lokacin ba.

Bugu bai ba su wahala ba. Yaron da ya saba jifar tsuntsu a gonar gero ba ya kuskuren ƙwallo. Sun iya fara bugu daga ƙasan ƙugu, sun iya aika ta kusurwa zuwa kusurwa, sun gane cewa ɓangaren da ya fara bugu ne kaɗai ke cin maki. Inda aka samu matsala shi ne wasan bibbiyu. Ni da wayona sai na haɗa su gari gari, ɗan Korahane da ɗan Korahane, don su saki jiki. Ashe na haɗa wa da ƙane, ɗan kawu da ɗan gwaggo, babba da ƙarami. Duk lokacin da ƙwallo ta nufo tsakaninsu, sai ƙaramin ya ja da baya ya ba yayansa wuri, yayan kuma ya zaci ƙanen zai yi masa aikin kamar yadda ya saba a gida. Sai ka ga ƙwallo ta sauko a hankali ta zauna a ƙasa, su biyu suna kallon ta cikin ladabi.

Alƙalancin ya ma fi muni. Mun ajiye tano a gefen raga, wato babbar gangar ƙarfe, alƙali ya hau kai, wasu yara biyu su tsuguna a kusurwa suna duba layi. In ƙaramin yaro ne ya yi kuskure, nan take za ka ji an ce "fot", kalmar da na koya musu ta kiran laifi. In kuwa babba ne, ko ɗan maigari, sai alƙali ya soma kallon sama, masu duba layi kuma su rantse ƙura ta shiga idonsu. Wani ma da na matsa masa sai ya fashe da kuka, wai in ya koma gida aka ji ya ƙaryata yayansa a bainar jama'a, ina zai sa kansa.

Raina ya ɓaci. Na tara su a gindin katanga na yi musu huɗuba mai tsawo, rabi da Faransanci don ta fi nauyi. Na ce wannan kunyar ita ce ta hana mu ci gaba. Na nuna musu layin toka na ce duk wanda ya tsallake shi ya ajiye wa da ƙane da ɗan sarki a waje, in ya fito ya ɗauki abinsa. In ƙwallo ta fi kusa da kai, ka buɗe baki ka ce wa abokin wasanka "bar mini", ko da ya girme ka da shekara goma. Alƙali kuma in ya hau tano ba shi da uba ba shi da malami. Sannan na kafa doka: duk wanda ya bar wa babba ƙwallo don kunya, zai ɗora raket a ka kamar mai tallan fura ya zagaye filin lakwal da gudu. (Na ji daɗin dokar nan ƙwarai, har na je na ba dirakta labari. Ya dube ni ya yi murmushi.)

An sha zagaye kam. Amma sannu a hankali abin ya shiga. Ƙanana suka fara cewa "bar mini", da farko a ciki ciki, daga baya da ƙarfi har da jin daɗi. A cikin alƙalai kuwa babu kamar Agali, wani dogon yaro ɗan Buzaye daga wajen Bader Goula, marar yawan magana, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin dabino. Shi in an faɗa masa abu ya ɗauke shi kenan. Ranar da ya sa ɗan maigarin Birnin Lalle zagaye ba tare da ya ƙifta ido ba, na dafa kafaɗarsa a gaban kowa na ce ga alƙalin ranar gasa.

To, bari in bar fili kaɗan in gaya muku abin da ke cin raina a lokacin, don in ba shi labarin ba zai yi daɗi ba. Akwai wata yarinya, Rakiya, da ke wucewa ta bayan lakwal in za ta rijiya. Maganar farko da ta taɓa yi mini ita ce ko ciwo nake a ƙafa da nake naɗe ta da safa cikin wannan zafi. Daga ranar na daina barci sosai. Mahaifinta shi ne shugaban gardawa, wato 'yan sandan kumandan, tsohon soja da ya yi yaƙin Turai ya dawo da lambobi a ƙirji, kowa na kiransa Sarjan. Dogo ne, mai gashin baki da jar hula, in ya yi gyaran murya a kasuwa har jakuna sai sun natsu. Kawuna ya taso takanas daga Maradi da goro ya nema mini aurenta. Sarjan ya karɓe shi da mutunci, amma amsar da ya ba shi gajeriya ce, ya ce ya ji, a bar shi ya ga halin yaron tukuna. Ga kuma wani falke mai shanu da ake ta raɗe raɗin shi ma ya aiko. Saboda haka rayuwata gaba ɗaya ta rataya a kan yadda Sarjan zai gan ni.

Kun dai san yadda ake da suruki a wajenmu, tun ma ba a ba ka ba. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga murya inda zai ji. In ka hango shi ka sake hanya, in kuwa ba hanyar sakewa, ka tuɓe takalmi ka durƙusa har ya wuce. Ni da nake yi wa yara huɗubar ci gaba, na san duk lungunan Dakoro saboda gudun haɗuwa da Sarjan. Akwai ranar da na shige bayan rumbun wani mutum na tsaya har ya wuce, mai rumbun ya fito da sanda yana zaton ɓarawo ne. Ban taɓa ganin wata alaƙa tsakanin wannan da abin da nake hana yara ba. Nasu ƙauyanci ne, nawa tarbiyya.

Ranar gasa ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru wa kumandan da Madam da manyan gari. Iyayen yara sun zo daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma don su tafi da 'ya'yansu hutu. Mata sun yi cincirindo a gefe guda, na kuma hango Rakiya a cikinsu da sabon zane. Makaɗa ma sun zo, don a Dakoro ba a taro su rasa ji. Sarjan na tsaye ƙiƙam a bayan kujerar kumandan da lambobinsa, ni kuwa na zaɓi can ɗaya gefen filin na tsaya, na sa tano tsakanina da shi.

Yarana suka fitar da ni kunya, ba abin da zan ce. Ƙwallon gashin zabo na ta tashi sama, ƙanana na cewa "bar mini" ba tsoro, iyaye na kallon juna suna riƙe baki. Agali a kan tano yana faɗin maki da muryarsa marar hawa da sauka, ya kira fot a kan babba, ya kira a kan ƙarami. Madam ta yi ta tafi. Da aka gama aka ba waɗanda suka ci kyautar sabulu da fensir, kumandan ya miƙo mini hannu ya ce aikina ya yi kyau. Na saci kallon Sarjan na ga yana gyaɗa kai. A raina na ce shi kenan, falke ya koma ga shanunsa.

Da a nan aka tashi, da yau ba ni da labari. Amma kumandan ya ji daɗi, jininsa ya motsa. Ya tuɓe hular kwanonsa ya ce shi da Madam za su kara da Mushe, a samo wa Mushe abokin wasa. Na juya zan kira ɗaya daga cikin manyan yara, sai na ji ya ce a'a, ga Sarjan. Abin da ban sani ba shi ne, ashe duk Lahadi in hannu bai cika ba a gidan kumandan, Sarjan ake kira ya cike, kuma ya ƙware, kuma mutum ne da ya tsani a ci shi ko da a dara ne. Ya miƙa wa wani gardi bel ɗinsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki raket ya tsallake layin toka.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmina ba. Na dai gan su a ajiye a bakin layi, ni kuma ina tsaye da safa a kan rairayin da ya wuni yana shan rana. Kumandan ya tambaye ni dalili, na ce na fi iya wasa haka. Sai kuma na tuna kilot ne a jikina, cinyoyina a waje a gaban surukina. Na kama jan wandon ƙasa da hannu ɗaya, kamar zai ƙara tsawo don ya ji tausayina.

Sarjan bai ko dube ni ba. Ya nuna gaban raga da raket ya ce, "Kai tsaya nan gaba, ni ina baya."

Wato in ba shi baya, in kuma duƙa, in turo masa abin da Allah ya hore mini. Na ce to, amma ƙafafuna suka kai ni can gefe kusa da layi, na tsaya a karkace, rabi ina fuskantar raga, rabi ina fuskantarsa, idona a ƙasa. Agali ya ba da izini aka fara. Madam mace ce mai wayo, bugu biyu ta yi ta gane inda ramin yake. Duk ƙwallon da ta samu sai ta aiko ta tsakanina da Sarjan. Ni kuma in na ga ta taho sai in ji kalmomin nan biyu da na koya wa yara sun taso har maƙogwaro, su tsaya a nan. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa uban Rakiya ya bar mini? Sai in ja da baya in ba shi wuri. Shi kuma ya san tawa ce, ba ya motsi. Ƙwallo ta sauko a hankali ta zauna tsakaninmu.

Na fara jin ƙus ƙus daga wajen yara. Agali na faɗin maki, duk na gefe ɗaya, yana kallona ta wutsiyar ido. Sarjan ya yi ta ceto abin da zai iya, yana gudu hagu da dama shi kaɗai, gumi na ɗiga daga gashin bakinsa. Can ya tsaya ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Mushe, abin nan da ke hannunka bugu aka yi shi." Na ce to Baba, har na ɗan rusuna. Wani yaro daga baya ya kasa daurewa ya ce, "Mushe, ka ce mai bar mini mana." Aka yi dariya kaɗan, dirakta ya yi tsawa aka yi shiru.

Sai kumandan ya ɗaga wata ƙwallo sama sosai. Ta yi ta tafiya har ta zama ɗan ɗigo, sannan ta juyo ta nufo tsakiyar kaina. Ko makaho ya san tawa ce. Na ɗaga raket, na rantse na ɗaga. Amma Sarjan ya riga ya cire rai da ni, ya taso daga baya da gudu. Na ji takun ƙafarsa, na ji hucinsa ya matso dab da ni, kuma gwiwoyina, waɗanda suka shafe watanni suna aiki ɗaya tak in mutumin nan ya kusato, suka yi aikinsu ba su shawarce ni ba. Na zube na durƙusa a tsakiyar fili, kaina a sunkuye, bakina kuma ya ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Idonsa na sama yana bin ƙwallo, bai gan ni ba. Ya yi tuntuɓe da ni, ya tashi ta kaina, ya faɗa cikin raga. Itatuwan biyu suka tuge suka biyo shi. Jar hularsa ta gangara har gaban Madam. Ƙwallon kuwa, da yake ba ta da gaggawa, sai da komai ya lafa sannan ta sauko ta dira a bayana.

Wurin ya yi tsit. Ba wanda ya isa ya yi dariya shugaban gardawa na kwance cikin raga kamar kifin da aka kamo. A cikin shirun nan ne na ji muryar Agali daga kan tano, yadda take kullum.

"Fot. Mushe ya bar ma babba. Zagaye."

Dirakta ya yi ta yi masa alama da hannu ya yi shiru, yaron bai ko kalle shi ba, ai an gaya masa in ya hau tano ba shi da malami. Kumandan na tambayar me aka ce. Sarjan ya tashi zaune, ya zare ragar da ta maƙale a lambobinsa, ya dubi Agali ya tambaye shi wane zagaye. Yaron ya yi masa bayanin dokar tiryan tiryan, har da ɗora raket a ka.

"Wa ya kahwa dokag ga?" in ji Sarjan.

"Mushe."

"To," in ji Sarjan. Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da aka fara wasan.

Ina da hanyar tsira, ku sani. Ni ne malami, da na ce dokar ta yara ce ba mai musa mini. Amma na ɗaga kai na ga yaran nan duka, waɗanda suka sha zagaye saboda ni, sun zuba mini ido, na ga Agali tsaye a kan tano yana jira. Na miƙe na ɗora raket a ka. Takalmina suna nan a bakin layi, amma ba ni da fuskar sa takalmi a gaban Sarjan, don haka na fita da safa. Mu kuwa iyakar cikin layi muka share. Waje duk ƙarangiya ce.

Wanda bai taɓa taka ƙarangiyar Dakoro da safa ba ba zai gane ba. Taku kaɗan na yi safar ta zama kamar bushiya. Gudun ya koma tsalle, hannu ɗaya na riƙe da raket a ka, ɗayan na jan kilot. Wani makaɗi, Allah ya jiƙansa duk da ban yafe masa da wuri ba, ya ga tsallen ya yi daidai da kiɗa, sai ya saka kalangu. Nan dariyar da aka danne ta ɓalle. Yara na tafi, tsofaffi na share hawaye, kumandan ya riƙe ciki. Da na zo wucewa ta gaban mata na ga Rakiya ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Na roƙi Allah a ce kuka take yi, amma na san ba kuka ba ne. Filin lakwal ɗin nan da nake raina wa yara in suna haki, ranar na san girmansa.

Bayan an watse na zauna a gindin katanga, yara suka kewaye ni suna cire mini ƙaya daga tafin ƙafa. Agali ya zo ya tsaya nesa kaɗan, sannan ya tambaye ni a hankali ko ya yi daidai. Na ce masa ya yi daidai, ba wanda ya kai shi. Ranar na ga haƙoransa ba dabino.

Yara suka tafi hutu, ni kuma na kulle kaina a ɗaki. Gari ya ɗauka, har 'yan mata sun sa abin a waƙar gaɗa. Na ji labarin Sarjan na ɗingishi, gwiwarsa ta kumbura. Na kayar da mutum a gaban Bature, na sa an ci shi wasa, na zama abin kiɗa a bainar jama'a, wane uba ne zai ba irina 'yarsa? Na je na roƙi dirakta ya nema mini canjin wuri, ko Bilma ce can cikin Sahara zan tafi. Ya ce in je in jiƙa ƙafata a ruwan ɗumi tukuna.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko kirana. Ya ce Sarjan ya zo gidansa da sanda yana dogarawa, ya kuma ba shi saƙo, zai faɗa mini yadda aka faɗa masa. Na zauna ina jiran hukunci.

"Ya ce ka aika ma kawunka ya zo. Ya ce ya yi aiki ƙarƙashin manya da yawa masu kahwa doka, nan da Turai, bai taɓa ganin wanda ya bi tashi dokar don yaro ƙarami ya ce mishi ya bi ba. Ya ba ka ɗiyar. Amma da sharaɗi guda." Dirakta ya dakata, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Ya ce har ya mutu kada a sake haɗa shi hili ɗaya da kai."

Da kaka aka ɗaura mana aure, sharaɗin kuma na cika shi har ranar da muka kai Sarjan makwancinsa. Da aka koma lakwal na soke dokar zagaye ba tare da wata huɗuba ba. Na daina haɗa yara gari gari, na koma haɗa sa'a da sa'a, abin da kowace tsohuwa a garin za ta iya gaya mini tun farko da na tambaya. Ƙwallo ba ta sake zama a ƙasa don ladabi ba, sai ma rabon faɗa da na koma yi. Ragar ta ruɓe tun da daɗewa, lungun bayan katanga an yi gini a kansa, yaran nan kuma da na sani da ƙafa ba takalmi, waɗanda ke raye duk sun yi furfura.

Abin da na koya dai bai da yawa, amma da tafin ƙafata na biya shi. Kafin ka ce wa ɗan mutane ya ajiye abin da aka rene shi da shi a bakin layi, ka fara gwada ajiye naka. Ni na gwada a gaban gari guda, kuma a cikin duk abin da na zo da shi, takalmina kaɗai suka yarda suka tsaya a waje.